Yadda Mutanen Gari Za Su Tsara Shirin Ambaliya da Kansu: Misalin Kwarin Haɗeja

Duk wanda ya zauna a kwarin kogin Haɗeja ya san cewa ruwan da ke cinye gonaki a watannin Agusta da Satumba yana da hanyar da ya saba bi. Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa kafin su kai Wudil, daga nan ruwan ya gangaro ta Ringim, ya ratsa ƙasar Taura da Miga da Auyo, ya wuce Haɗeja, ya bazu a fadamun Kiri Kasamma da Guri kafin ya nufi Nguru da Gashuwa. A saman kogunan biyu akwai madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, kuma idan suka cika suka fara zubar da ruwa a daidai lokacin marka, mutanen kwari ne ke karɓarsa. A 2020 an sha wahala, a 2022 kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki a ambaliyar da ta kashe mutane fiye da 600 a faɗin Najeriya. Tun da ruwan yana da lokaci, yana da hanya, kuma yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso daga sama, to ana iya shirya masa. Wannan bayani na masu unguwanni ne da dagatai da limamai da shugabannin mata da na matasa, waɗanda ke son garinsu ya kasance da rubutaccen shiri na kansa, wanda hukuma za ta tarar a ƙasa ta ɗora a kansa.

A fara tun da rani

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya dace a zauna shi ne daga Janairu zuwa Afrilu, sa'ad da kogi ya janye, ana iya taka jinga da ƙafa a ga inda ta zaizaye, kuma mutane ba su shiga hidimar shuka ba. A farkon shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, take fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai sa ido a kan ruwan koguna kuma ta fitar da hasashen ambaliya kafin ruwa ya kankama, inda take ambata jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. A nemi malamin makaranta ko wani ɗan gari mai karatu ya samo waɗannan bayanai ya fassara su a gaban taro. Sai dai a sani cewa hasashen zai iya cewa ƙaramar hukumar Auyo tana cikin haɗari, amma ba zai faɗi ta bayan gidan wa ruwa ke fara shigowa ba, ko wace kwalbati ce ta toshe tun bara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan sani shi ne abin da mutanen gari za su kawo.

Waɗanda za a kira

A nan ne yawancin shirye-shirye ke lalacewa tun ba a je ko'ina ba. Idan aka tara manyan gari su goma a zauren dagaci aka ce an yi taron al'umma, za a fito da shirin da ya kare gidajen waɗannan goman da gonakinsu. Dagaci ko bulama shi ne zai kira taron, domin da izininsa magana take da nauyi, amma jerin waɗanda za a gayyata ya kamata a tsara shi bisa tambaya ɗaya: wa ya san ruwa, kuma wa ruwa ya fi cutarwa?

Masunta da sarkin ruwa su ne na farko, domin suna gane ƙaruwar kogi daga launinsa da ƙarfin gudunsa da irin tarkacen da yake ɗaukowa, kwanaki kafin wanda ke cikin gari ya lura. Masu kwale-kwale su zo, tun da su za a nema ranar da hanya ta yanke. A kira sarkin noma da manoman shinkafar fadama. A aika wa arɗo takanas, saboda makiyaya ne suka san tuddan da ba sa nutsewa, kuma idan ba a yi da su ba, ranar gudun ruwa za a tarar mutane da shanu suna rububin tudu ɗaya, a bar ambaliya a koma rikici. A kira malaman tsangaya, waɗanda ke riƙe da yaran da iyayensu ke nesa, da shugaban makarantar firamare wanda ajujuwansa ne za su zama mafaka, da jami'in asibitin sha-ka-tafi, da masu nakasa su da kansu, kada a ce wani zai yi magana a madadinsu.

Mata kuwa a yi musu zama na daban a cikin gida ko a makarantar Islamiyya, ƙarƙashin wata dattijuwa da suke jin maganarta, da ungozoma da malamar makaranta. Ina ganin wannan zama ya fi na zaure muhimmanci. Mata ne ke gida da yara sa'ad da katanga ke jiƙewa, su suka san mai ciki wata tara da tsohuwar da ba ta iya tashi, kuma su ne za su faɗi gaskiyar abin da ya sa wasu iyalai ke ƙin zuwa mafaka, wato rashin makewayi da rashin sutura tsakaninsu da mazan da ba muharramansu ba. Akwai kuma maganar izini. Matar da mijinta ya tafi ci-rani ko ya kwana a bakin jinga tana iya tsayawa a gida ruwa na shigowa domin ba a ce ta fita ba. Limamin gari ya yi bayanin wannan a huɗuba tun da wuri, magidanta kuma su ba da izini a bayyane cewa idan aka yi shelar tashi, kowace mace ta ɗauki 'ya'yanta ta fita ba tare da jiran kowa ba.

Daga waɗannan zama biyu sai a zaɓi kwamiti ƙarami, mutum tara zuwa goma sha biyar, da mata a cikinsa. A guji mayar da shi na jam'iyya, domin kwamitin da aka san na ɓangare ɗaya ne, rabin gari ba zai saurari gargaɗinsa ba.

Zana taswirar gari

Ba a bukatar takarda a farko. A share fili, a zana kogi da sanda, a sa duwatsu a matsayin masallatai da makaranta da rijiyoyi da maƙabarta, a zuba toka a inda ruwa ya kwanta a 2020, a zuba jar ƙasa a inda ya kai a 2022. Za a yi gardama, kuma gardamar ita ake so, domin a cikinta ne wani zai tuna cewa ruwan bai zo ta kogi ba, ta tsohon kududdufin da aka cike aka yi gini a kansa ya ɓullo. Dattawa su faɗi inda tsohuwar hanyar ruwa take kafin a yi titi. Bayan an daidaita, sai a kwafe zanen a babbar takarda, a ɗauki hotonsa da waya.

Daga nan kwamiti ya zaga da ƙafa. Har yanzu akwai shatar ruwa a jikin ginin siminti da turakun lantarki da kututturen itatuwa, sai a auna tsayinta a shafa fenti a wurin, a rubuta shekarar. A lura da kowace kwalbati da lambatu, a rubuta wadda ta toshe da wadda ta yi wa ruwan da ke bi ta cikinta kaɗan. A ƙirga gidajen ƙasa da ke kwari, domin da yawa daga cikin rayukan da ake rasawa a irin waɗannan garuruwa ginin ƙasa ne ke faɗa musu cikin dare bayan ya sha ruwa ta gindi. A ƙarshe a buɗe littafi na gida-gida, a rubuta tsofaffi da marasa lafiya da makafi da guragu da masu ciki, kuma a gaban sunan kowannensu a rubuta sunan matashi biyu da aka ɗora wa alhakin fitar da shi. Littafin ya zauna a hannun mai unguwa, kada a liƙa shi a bango, saboda sirrin mutane ne.

Ma'aunin ruwa da hanyar gargaɗi

A kafa turken ƙarfe ko na siminti a bakin kogi, a wurin da ake iya hangensa ko da ruwa ya ƙaru, ko a yi amfani da ƙafar gada idan akwai. A raba shi da fenti kala uku. Kore yana nufin ruwa na cikin kwaminsa. Rawaya ta fara daga inda ruwa ke soma shiga gonakin fadama. Ja kuma ta fara ƙasa da shatar da aka gani lokacin da ruwa ya shiga gari, da tazarar da za ta ba mutane aƙalla yini guda su kwashe. Masunta da dattawa ne za su tsayar da waɗannan iyakoki, kuma kowace kala a ɗaura mata aikin da za a yi ba tare da sake zaman shawara ba. Idan ruwa ya taɓa rawaya, a kwashe hatsi da taki da takardu zuwa tudu, a kora dabbobi, a fara kwanan jinga. Idan ya taɓa ja, a fitar da waɗanda ke cikin littafi da mata da yara, ko da rana ake ƙwallewa kuma babu ko ɗigon hadari.

Mutum biyu su riƙa karanta turken safe da yamma daga Yuli zuwa Oktoba suna rubutawa. Saurin ƙaruwar ya fi tsayin kansa ba da labari, domin ruwan da ya ƙaru da taƙi guda a dare ɗaya ya fi wanda ya yi mako yana tsaye a wuri mai tsayi ban tsoro.

Sannan a ƙulla zumunci da garuruwan da ke sama. Mutumin Auyo yana bukatar lambar wani amintacce a Ringim, na Ringim yana bukatar na Wudil, na Guri kuma yana bukatar na Haɗeja. A nemi lambar jami'in da ke ba da sanarwa a Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke kula da madatsun biyu, da ta hukumar agajin gaggawa ta jiha. Abin da ya faru a Maiduguri ya isa darasi. A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10, madatsar Alau ta ɓalle, ruwan kogin Ngadda ya mamaye babban ɓangare na birnin mutane suna barci, shekara talatin bayan irin haka ta faru a 1994. Saboda haka hanyar gargaɗi dole ta zama mai aiki da ƙarfe biyun dare, babu lantarki, babu sabis. Lasifikar masallaci mai batir, da sankira, da ganga ko usur mai wani bugu da kowa ya san ma'anarsa, da matasa masu babur da aka raba wa unguwanni, su ne abin dogaro. WhatsApp yana da amfani, amma ta nan ne jita-jitar cewa dam ya fashe take yawo kowace damina. A tsayar da mutum biyu ko uku kawai waɗanda shelar tashi take fitowa daga bakinsu, kuma kowa ya san su.

Jinga, kachalla da haƙƙin maƙwabci

Mutanen Haɗeja sun san darajar jinga, domin a shekarun babban ruwa matasa sun kwana suna cika buhuna da yashi suna tare ɓaraka don kada ruwa ya shiga gari. Wannan gayya abin alfahari ce, amma aikin da aka yi da rani ya fi sauƙi kuma ya fi ƙarko. A bi jinga taku-taku a nemi ramukan ɓeraye da gidajen gara da wuraren da shanu suka tattake ta har ta yi ƙasa. Kada a haƙi ƙasar ciko daga gindinta, a ɗebo daga nesa, a zuba kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa ana daɓewa. A raba tsawonta tsakanin unguwanni, kowace unguwa ta san daga wace bishiya zuwa wace bishiya ne rabonta. Buhun yashi kuma ba a cika shi fam. Rabi zuwa kashi biyu cikin uku ya isa, domin ya kwanta ya manne da ɗan'uwansa, a jera su kamar yadda magini ke jera bulo, kowane buhu ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa, gindin ya fi saman faɗi sosai. Masu kwanan jinga su riƙa duba bayanta da tocila. Idan ruwa yana tsattsafowa garai-garai, a sa masa ido. Idan kuwa yana ɓulɓulowa da laka, alama ce yana cin cikin jingar, sai a kewaye wurin da buhuna kamar bakin rijiya har ruwan ya taru ya daina fito da ƙasa, a kuma sanar da kwamiti nan take.

Kachalla ita ce ɗaya matsalar. Tun da madatsun ruwa suka sa kogi ya daina bushewa sarai da rani, wannan ciyawa ta samu wurin zama, ta cike hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja zuwa Nguru, ta riƙe laka, har ruwa ya rasa mafita ya koma kan gonaki da gidaje. Ƙananan magudanai ana iya share su da gayya, a yanke ta a ƙarƙashin ruwa domin gindinta ya ruɓe, amma manyan hanyoyi sai injin haƙa mai tafiya a kan ruwa, kuma wannan aikin gwamnati ne. Abin da gari zai yi shi ne ya nuna a taswirarsa daidai inda toshewar take, domin idan inji ya zo ya fara daga wurin da ya fi amfani.

Akwai maganar da ba a son faɗa a taro, amma dole a faɗe ta. Ruwan da aka tare ba ya ɓacewa, wani wajen yake komawa. Idan gari ya ɗaga jingarsa, sau da yawa ƙauyen da ke tsallake ko wanda ke ƙasa ne zai kwana a ruwa, kuma daga nan ne ake samun masu zuwa da dare su fasa jingar wasu domin su ceci gonakinsu. Wanda ya yi haka ya yi ɓarna, amma wanda ya tare ruwa bai shawarci maƙwabcinsa ba shi ma yana da nasa alhakin. Saboda haka kafin a ƙara ko taƙi ɗaya a kan jinga, a nemi hakimi ya tara dagatan duk garuruwan da ke shan kogi ɗaya, kowa ya shimfiɗa taswirarsa. A yarda tun da rani a kan fadamar da za a bar wa ruwa ya kwanta idan abin ya yi tsanani, domin a ceci gidaje. A yarda kuma da abin da sauran garuruwa za su yi wa masu gonakin da aka sadaukar, ko gudummawar hatsi, ko iri, ko aron fili na noman rani. A rubuta yarjejeniyar, dagatai su sa hannu, hakimi ya riƙe kwafi, a aika wani ga masarauta da ƙaramar hukuma. Zaman yana da zafi, wani lokaci sai an yi shi sau uku, amma ya fi sauƙi a yi shi a Maris da a yi shi a bakin jinga da adduna a hannu.

Mafaka da abin da za a tsira da shi

A zaɓi tudu biyu, na mutane da na dabbobi, a tabbatar hanyar zuwa ba ta bi ta kwari. Idan makaranta ce, a daidaita da shugabanta a kan ajujuwan mata da na maza, a gyara makewayi da famfo kafin damina. A nemi jami'in lafiya ya tanadi sinadarin tsaftace ruwa da gishirin haɗi na masu gudawa da gidajen sauro, domin amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro su ne ke biyo bayan ruwa. A koya wa yara cewa ruwa mai gudu wanda bai wuce idon sawu da yawa ba yana iya kayar da babban mutum. A ƙayyade adadin mutanen da kowane kwale-kwale zai ɗauka, a rubuta a jikinsa, kuma kada a yi lodi bayan magariba sai dole. Manoman fadama su tambayi malaman gona na JARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Jigawa, game da irin shinkafa FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017 kuma suke jure nutsewa na kusan mako biyu. Asusun gari kuwa, ko da kwano ɗaya ne na hatsi daga kowane gida lokacin kaka, ya isa sayen buhuna da batir da man babur, muddin ana karanta lissafinsa a bainar jama'a.

Kai shirin gaban hukuma

Shirin kada ya wuce shafi huɗu ko biyar: taswira, sunayen 'yan kwamiti da lambobinsu, ma'anar kalolin turke, wuraren mafaka, yarjejeniyar maƙwabta, sai jerin ayyuka kashi biyu, waɗanda gari ya ɗauka da kansa da waɗanda suka fi ƙarfinsa. A rubuta da Hausa, a yi kwafin Turanci domin ofis. Tawaga ta kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma idan an kafa shi, da hukumar agaji ta jiha da ɗan majalisar jiha, kuma a kowane ofis a nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafin gari. Bukata ta zama takamaimai. Takardar da ta ce a taimaka mana da maganin ambaliya ba ta da inda za a kama ta, amma wadda ta ce kwalbatin da ke kan hanyar kasuwa ta yi kaɗan, ga hotonta, ga adadin gidajen da ta jawo wa rushewa, ga abin da muka riga muka yi da hannunmu, tana iya shiga kasafin kuɗi. Tun da ana tsara kasafin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, a sake bibiya a lokacin.

Idan hukuma ta zo da nata aikin, ko jinga ko magudana ko sauya matsuguni, kwamiti ya nemi a nuna masa zanen kafin a fara, ya tambayi inda ruwan da aka kawar zai nufa da kuma wanda zai riƙa gyara bayan ɗan kwangila ya tafi. Game da tashin gari, mutane suna komawa kwari ne idan sabon wurin ya yi nisa da gona da kogi, ko babu ruwan sha, ko babu takardar mallaka. A sa waɗannan sharuɗɗa uku a rubuce tun farko, kuma a tuna cewa a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallakar filin karkara.

A watan Yuni, bayan sallar Juma'a, a yi gwaji. A buga gangar, matasa su je gidajen da aka rubuta musu, a duba minti nawa aka ɗauka kafin tsoho na ƙarshe ya isa tudu, a kira duk lambobin da ke takarda a cire waɗanda suka daina aiki. A watan Nuwamba kuma, bayan ruwa ya janye, a sake zama biyu, na zaure da na mata, a shafa fentin sabuwar shata a bango, a gyara iyakar rawaya da ja idan sun yi kuskure, a maye gurbin 'yan kwamitin da suka yi ƙaura, sannan a aika wa duk ofisoshin da suka karɓi kwafin farko sabon kwafi mai ɗauke da kwanan wata.